Ciniki Ta Waya A Ƙasar Haɗeja: Sana'ar Da Ba A Bita Tsatsa Take Yi

 

Akwai wani nau'in rigima da ya yawaita a zaurukan malamai da na shugabannin 'yan kasuwa a ƙasar Haɗeja, wanda iyayenmu ba su san shi da wannan yawan ba. Mutum biyu za su ƙulla ciniki ta waya, ɗaya yana Haɗeja ko Guri, ɗaya yana Kano ko Anacha ko Legas. Kaya su isa, mai saye ya ce ba abin da aka faɗa masa ke nan ba, mai sayarwa kuma ya rantse bai yi ƙarya ba. In aka zauna sulhu aka bi maganar daki-daki, sau da yawa sai a tarar babu maha'inci a cikinsu. Mai kayan ne bai iya siffanta kayansa ba, ko kuwa ya taɓa iyawa, iyawar ta dushe saboda ya daɗe bai wasa ta ba. Ra'ayina shi ne, bitar sana'a a kai a kai ga mai ciniki ta waya tana cikin abubuwan da wajibi ba ya cika sai da su, kuma sakacin da muke yi da ita yana cinye mana dukiya da mutunci, yana kuma jefa bayin Allah cikin zunubin da ba su nufa ba.

Mu tuna yadda ake yi a da. Mai son kifin banda ko gyaɗa ko fata da ƙafarsa yake zuwa. Ya sauka a gidan fatoma, a ba shi masauki da abinci, da safe dillali ya kai shi gaban kaya. Ya ɗaga, ya shinshina, ya karya kifi ya duba cikinsa, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama. Ko da layin dogo ya ratsa ta Malam Madori ya isa Nguru wajen 1930, abin da ya sauya shi ne saurin tafiyar kaya. Cinikin kansa ido da ido ake yin sa. Wayar hannu da ta shigo Nijeriya a 2001 ita ce ta raba mai saye da gaban kaya. Yau buhunan shinkafa da kwalayen kifi da tattasai suna barin wannan yanki cikin manyan motoci zuwa ga mutanen da wasunsu ba su taɓa taka Jigawa ba. Abin da suka sani game da kayan shi ne abin da wata murya ta faɗa musu, sai ɗan hoto ko bidiyo a WhatsApp, wanda ba ya nuna danshi, ba ya ɗauko wari, kuma saman kwali kaɗai yake kamawa.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a cinikin waya an ɗauke idon. Harshen mai sayarwa ne ya maye gurbinsa, kuma a nan shari'a ta shigo. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye, matuƙar an siffanta shi siffantawar da za ta kawar da jahilci. Ibn Abi Zaid ya kawo mas'alar a babin ciniki na Risala. Idan kayan suka zo daidai da yadda aka siffanta su, ciniki ya lazimci mai saye. Idan suka saɓa, yana da zaɓi ya karɓa ko ya mayar. Haka kuma, a irin kayan da ake ɗauka a kai wani wuri, asalin hukunci shi ne lamuninsu yana wuyan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, sai fa in sun sharɗanta wani abu dabam. Mai karatu ya lura da abin da wannan yake nufi: siffantawa ita ce ginshiƙin da halaccin cinikin ya dogara a kansa. In ta gurgunce, an koma cinikin biri a sama, wato gararin da Manzon Allah (SAW) ya hana.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan al'amari a zamanta na Jidda cikin watan Maris na 1990, shekaru goma sha ɗaya kafin wayar ta iso hannunmu. Ta yanke cewa mutum biyu da ke magana ta waya a lokaci guda hukuncinsu hukuncin mahalarta majalisi ɗaya ne, ciniki yana ƙulluwa da tayi da sallamawa. Ta keɓe ɗaurin aure saboda sharaɗin shaidu, da canjin kuɗi saboda sharaɗin hannu da hannu, da cinikin salam saboda sharaɗin gabatar da kuɗi. A wannan zaman ne kuma ta amince cewa shigar kuɗi asusun mutum a banki karɓa ce a hukunce. Saboda haka kalmar "na sallama" da ɗan kasuwa yake furtawa yana tafe a kan babur, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, alƙawari ce cikakkiya wadda za a tambaye shi a kanta.

Siffantawa kuwa ilimi ce, ba surutu ba. Ɗauki kwalin kifi guda. Tarwaɗa ce, ko karfasa, ko kurungu, ko gauraye? Na kogi ne ko na kiwo? Yaushe aka sauke shi daga banda, ya bushe ƙayau ko da sauran laushi a cikinsa? Girman da ke sama shi ne har ƙasa? Ya fara karyewa yana zama gari? Ƙwari sun shige shi? Kwana nawa zai iya yi a hanya da zafin bazara, kwana nawa da sanyin hunturu? Ɗauki buhun shanshera. Wane iri ne, girbin damina ne ko na rani, yaya danshinsa, yaya ƙaiƙayi da tsakuwa, kwano nawa ne a buhun, kuma da kwanon wace kasuwa aka auna, tunda kwanon wani gari ba na wani ba ne? Tsohon dillali yakan ɗebi 'yan ƙwayoyi ya ciza ya faɗa maka yadda shinkafar za ta fita a inji. Mai injin casa a Kano da na'urar auna danshi zai tarbi motar, kuma na'ura ba ta san kunya ba. Wanda zai sayar ta waya sai ya tara abu biyu: haƙorin da ya san danshi, da harshen da zai isar da abin da haƙorin ya ji ga wanda ke nesa, wataƙila ma ba Bahaushe ba, cikin kalmomin da ba za su ɗauki ma'ana biyu ba. "Ya bushe" a bakin mutumin Kiri Kasamma da "ya bushe" a kunnen mutumin Anacha ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Yanayin ƙasarmu shi ne yake sa wannan ƙwarewa saurin dushewa. Rayuwar fadamar Haɗeja lokaci-lokaci take. Ruwa ya hauhawa a ƙarshen damina ya malale gonaki, ya fara janyewa, kifi ya samu, a girbe shinkafa, a shiga noman rani, alkama ta nuna a ƙarshen sanyi, tattasai da albasa da kankana kowanne da nasa zangon. Mai harkar abu ɗaya zai yi wata uku ko huɗu wayarsa ba ta hutawa, sannan ya yi watanni yana zaman majalisa. Ga kuma sauyin da kogin kansa ya yi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa a wurare da yawa, wasu wuraren su suka mutu, wasu gonaki suka koma tafki. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun raba mutane da yawa da kakar shekara sukutum. Mutumin da ya yi shekara bai sayar da buhu ɗaya ba, ranar da ya dawo zai tarar farashi ya sauya, buhu ya sauya, kuɗin mota ya sauya, abokin cinikinsa ya samu wani, shi kuma yana magana da ilimin bara.

Ana gane mai tsatsa tun daga kiran farko. Ya kira bai shirya abin da zai faɗa ba. A tambaye shi nauyi ya ce "ai cike yake". A tambaye shi ranar da mota za ta tashi ya ce "in sha Allahu yau ko gobe", alhali bai yi magana da direba ba. A yi masa tayin da bai yi zato ba, ya rasa lissafi a kansa, ko ya sallama a kan asara ya dawo yana neman warwarewa, ko ya fusata ya kashe waya. Mafi muni, duk inda bayani ya ƙare masa sai ya cike gurbin da rantsuwa. Wannan abu ne da na daɗe ina lura da shi: yawan "wallahi" a bakin ɗan kasuwa yakan zo daidai da ƙarancin abin da ya sani game da kayansa. Wanda ya auna da hannunsa yakan faɗi adadi ne a taƙaice, ba ya buƙatar kiran sunan Allah. Buhari da Muslim kuwa sun ruwaito gargaɗin Annabi (SAW) cewa rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarkar abin da aka samu.

Abin mamaki, mu ne mutanen da bai kamata a koya wa darajar bita ba. Ƙasar Haɗeja ƙasar alarammomi da gwanaye ce. Kowane ɗan tsangaya ya san cewa harda ba ta zama sai da tilawa, kuma gardin da ya bar tishe na wata biyu zai ji karatu yana zame masa. Gwani mai furfura, wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba ya jin ya wuce zaman darasu, inda na ƙasa da shi zai iya tsayar da shi a kan wasali ɗaya. Asalin wannan yana cikin Sunna, domin Manzon Allah (SAW) ya kamanta mahaddaci da mai raƙumi ɗaurarre, wanda in ya riƙa kula da shi zai riƙe shi, in ya sake shi ya tafi. Shi kansa, mai tsira da aminci, Mala'ika Jibrilu yana bitar Alƙur'ani da shi kowane Ramadan, a shekararsa ta ƙarshe kuma sau biyu suka yi. Idan littafin da Allah Ya sauƙaƙe don tunawa yana kuɓucewa wanda ya bar bita, ina ga lissafin buhu da kuɗin mota?

Kada wani ya ce wannan ya keɓanta da ilimin addini. Imam Muslim ya ruwaito labarin Uƙba ɗan Amir (RA), sahabin da ya yi gwamnan Masar. An gan shi bayan ya tsufa yana kai da komowa tsakanin wuraren bara biyu yana gwada harbi, har wani ya tausaya masa ya tambaye shi dalilin wahalar da kansa. Sai ya ce wata magana ce da ya ji daga Manzon Allah (SAW) ta hana shi bari, wadda ke ɗauke da zargi mai tsanani ga wanda ya koyi harbi sannan ya watsar. Malamai sun yi bayanin cewa tsananin ya zo ne saboda buƙatar al'umma ga maharba a lokacin. Ban ce hukuncin mai kifi ɗaya ne da na maharbi ba. Amma fahimtar da sahabin ya yi a fili take: ƙwarewa ni'ima ce da ake kiwo, kuma tsufa ko matsayi ba sa ɗauke wa mutum kiwonta. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa, ya gina bayaninsa na sana'o'i a kan wannan tushe, cewa sana'a malaka ce da ke kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaita aiki har ya zama masa ɗabi'a. Abin da maimaitawa ta kafa, barinta yana rushe shi.

Na san abin da wasu za su ce: arziki na Allah ne, rabonka ba ya wuce ka. Gaskiya ne, kuma babu mai musun haka sai jahili. Sai dai mai faɗin wannan magana ba ya zuwa su da tarun da ya yage, kuma ba ya barin injin ban-ruwansa babu gyara har ranar dashe. A kayan aiki ya yarda da riƙo da sababi; a harshensa da lissafinsa ne kaɗai tawakkali yake tuna masa. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) da ya isa Madina babu ko sisi, aka yi masa tayin rabin dukiya, kasuwa ya nemi a nuna masa, domin yana ɗauke da jarin da hijira ba ta ƙwace masa ba. Wasu kuma za su ce ciniki baiwa ce, a jini take. Baiwa gaskiya ce, amma ƙira'a mai daɗi ma baiwa ce, kuma ba mu taɓa jin ta hana mai ita gyaran tajwidi ba.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Ita ce: horar da mutum iya magana a ciniki horar da shi yaudara ne. Masu wannan tsoro suna da hujja. A Amurka da Ingila kamfanonin da ke sayar da kaya ta waya suna zaunar da ma'aikatansu su yi ta gwajin kira, wannan ya zama mai saye wancan mai sayarwa, a naɗi muryoyinsu a saurara a gyara. Yanzu bidiyoyin irin wannan horo sun cika wayoyin samarinmu. A cikin abin da ake koyarwa akwai mai kyau, kamar sauraro da tsara bayani da cika alƙawarin sake kira. Akwai kuma dafi: a nuna wa mai saye kaya sun kusa ƙarewa alhali rumbu cike yake, a matsa masa ya yanke shawara kafin ya yi tunani, a kauce wa tambayar da za ta tono aibi. Mu ma muna da namu na gida, ba sai an shigo mana da shi ba. "Yanzu wani Alhaji ya taya kaza na hana shi saboda kai", alhali babu Alhajin. Wannan ɗan'uwan najashi ne, wato ƙara farashi na ƙarya don a ruɗi mai saye, kuma a Sahihul Buhari an lissafa wanda ya rantse a kan ƙarya cewa an taya kayansa fiye da yadda aka taya cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama.

To amma mafitar ba barin horo ba ce, domin maƙaryaci yana nan yana wasa wuƙarsa kullum. Mai gaskiya ne muke bari da dakusasshiya, sannan mu yi mamakin yadda aka ƙwace masa kasuwa. Faɗin aibin kaya ma sai an koya. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ce wa wanda zai tura masa miliyoyi, "Alhaji, buhu ashirin daga ciki ruwa ya taɓa su, na ware su, ga farashinsu dabam", ya faɗa cikin natsuwa ba tare da murya ta rawa ba, kuma ya riƙe cinikin. Wanda bai saba ba, in lokacin ya zo, tsoron kada mai saye ya gudu zai rufe masa baki, ya tura jiƙaƙƙen a ƙarƙashin busasshe. Wannan kuwa ita ce ainihin surar da Annabi (SAW) ya tarar a kasuwar Madina, lokacin da ya cusa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya barranta daga mai algus.

Waɗanda abin ya fi damuna a kansu su ne samari. A da yaro yakan yi shekaru a bayan maigidansa, yana ɗaukar kaya, yana ɗinke buhu, yana jin yadda ake taya da yadda ake mayar da tayi, kafin a bar shi ya sallama ko kwano ɗaya. Yau wanda ya mallaki waya mai kyamara da lambobi goma ya zama dillali. Cikinsu akwai masu takardar Kwalejin Binyaminu Usman ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, sun iya Turanci da lissafin biro, abin da iyayensu ba su da shi, kuma wannan alheri ne. Amma ba su san kifi ba. Dattawan da suka san kifi kuma da yawansu ba sa sakewa da waya. Kunya da kawaici irin namu sukan hana su tambayar da ta kamata, su ce "ba komai, sai kaya sun zo", a bar farashin dako da ranar biya a buɗe. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin sana'ar, kuma ba mai zama da wani.

Shawarata ga ƙungiyoyin 'yan kifi da 'yan shinkafa da 'yan gwari ita ce su ari tsarin darasu daga tsangaya. A ware yini ɗaya a mako, bayan la'asar, musamman a watannin da kasuwa ta yi sanyi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ajiye kwalin kifi ko buhun shanshera a tsakiya. Saurayi ya duba shi, sannan ya juya baya ya siffanta shi ga wani dattijo da bai gani ba, kamar suna waya, dattijon yana ja masa tambaya irin ta mai sayen da ya sha cuta. In sun gama a zazzage kayan a gaban kowa a gwada abin da aka faɗa da abin da ke ƙasa. Duk wanda ya yi wannan sau goma zai san inda harshensa ke zamewa. Wani makon a juya: dattijon ya zama mai kira, saurayin ya nuna masa yadda ake ɗaukar bidiyon da ke nuna ƙasan kwali, da yadda ake tabbatar da kuɗi sun shiga asusu kafin a saki mota. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura mutane da yawa cinikin tiransifa ba shiri, kuma an ga yadda saƙon shigar kuɗi na bogi ya ci dukiyar waɗanda ba su san bambanci ba. Likita a ƙasar nan ba ya sabunta lasisinsa sai ya nuna shaidar halartar bita. Ɗan kasuwa babu mai tilasta masa, shi ya sa sai ya tilasta wa kansa.

Bayan zaman taro, akwai tilawar mutum shi kaɗai. Ko ba ka da kaya, leƙa kasuwa ka ji farashin yau, ka taɓa sabon da ya shigo, ka tambayi direbobi kuɗin buhu zuwa Dawanau ko Mil 12. Ka kira abokan cinikinka a lokacin da ba ka neman komai a wurinsu, ka gaishe su, ka tambaye su yadda kayan bara suka ƙare a hannunsu, kuma ka yi shiru ka ji amsar ko ba ta yi maka daɗi ba. Wannan kiran zumunci ne kuma makaranta ce. A cikinsa za ka ji cewa kwastomominsu sun koma son ƙananan kwalaye, ko wani daga Gashuwa ya fara kawo musu wanda ya fi naka tsafta. Aikin da Allah Ya fi so, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta ruwaito, shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma kira uku a mako duk shekara ya fi kira ɗari a makon girbi. Sannan ka saba wa bakinka da rufe kowane ciniki da maimaitawa: iri kaza, buhu kaza, kowanne a kan kaza, dako a kan wane, in kaya suka lalace a hanya a kan wane, biya ranar kaza. Ka tura shi a rubuce, da boko ko da ajami, ko da saƙon murya, ya amsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, motar da aka mayar da kayanta daga Kudu tana iya tafiya da jarin gida guda, saboda kalma ɗaya da ba a fayyace ba.

Mu ma masu mumbari muna da kaso a wannan gyara. Ɗalibi a zaure yakan fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya shiga Iziyya, kuma na farkon biyun ba su taɓo ciniki ba sam. Da yawa sukan bar karatu, aure da neman abinci su ɗauke su, kafin su kai babin ciniki a Risala ko Askari. Sai ka ga mutum ya san ƙabli da ba'adi kamar ruwa, amma bai san sharuɗɗan salam ba, alhali duk shekara yana ba manoman Auyo kuɗi kafin girbi. Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna irin wannan ciniki a kan dabino, bai hana su ba, ya sharɗanta musu sanannen awo da sanannen nauyi da sanannen lokaci. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba sayarwa a kasuwar Musulmi. Gwamnati ta ƙaddamar da aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo a farkon 2023, noman alkama da shinkafa yana ƙara faɗi, masu saye daga nesa suna ƙaruwa. Ya dace masallatan da ke kewaye da kasuwanni su sanya karatun babin ciniki tsakanin magariba da lisha, da misalan kwali da buhu, kuma liman ya halarci zaman bitar 'yan kasuwa ya saurara, domin fatawar wanda bai san yadda ake cinikin ba takan sauka a gefen tambaya.

Saura mas'aloli biyu da za su taso wa duk wanda ya fara wannan zama. Ta farko, cinikin gwaji. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan wanda ya furta lafazin sayarwa sannan ya ce wasa yake yi, kuma a Malikiyya ba kowane lokaci ake karɓar wannan da'awa ba. Abin da ya fi aminci shi ne shugaban zama ya bayyana a gaban kowa tun farko cewa duk tayi da sallamawar da za a yi a nan koyo ne, ba ciniki ba. Kada kuma a shigar da rantsuwa da Allah cikin gwajin, ballantana rantsuwa da saki, domin aure da saki da kome wasansu ma gaske ne, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawuda da Tirmizi. Ta biyu, naɗar murya. Mutum yana iya naɗar kiran da ya yi don ya saurari kansa ya gyara, ko don ya zama hujja in an samu saɓani, amma da sanin wanda yake magana da shi da yardarsa. Ɗauko muryar abokin ciniki a kunna a majalisa, a ji sirrin jarinsa da bashin da ake bin sa, cin amana ne ko da niyyar koyarwa aka yi. In ana son misali a zaman bita, a sauya suna da gari da adadi, a bar mas'alar kaɗai. Allah ne Mafi sani.